Jerin daraja ko raunin abokin karawa: wanne ake bi a fantasi na NFL?

Sabon_Shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina buga fantasi na NFL, wato gasar ƙwallon Amurka, inda kake jera 'yan wasa na gaske kana samun maki bisa abin da suka yi a fili. Ina da masu kamun ƙwallo biyu, gurbi kuma ɗaya ne. Na farko yana cikin goman sama a jerin masana, amma wannan makon zai kara da ƙungiyar da ta fi kowa iya tare jifa. Na biyu yana can wajen na 30, sai dai tsaron da zai fuskanta rariya ne. Gasarmu ta PPR ce, wato wadda ake ba da maki kan kowane kamun ƙwallo. Wa zan sa?

Mai_Lissafi: Wa alaikumus salam. Sa na farkon, kada ka yi wani dogon tunani. Abin da ke kawo maki shi ne yawan jifan da ake yi wa ɗan wasa. A PPR kowane kamu maki 1 ne, kowane yadi 10 maki 1, tacdawun (wato shiga gidan abokin karawa da ƙwallo) maki 6. Ɗauki wanda aka jefa wa ƙwallo sau 10, ya kama 6, ya ci yadi 60: ya tashi da maki 12 ko bai shiga gida ba. Wanda ake jefa wa sau 4 kuwa, sai ya samu doguwar tacdawun kafin ya kamo shi, wannan kuma caca ce. A ganina raunin abokin karawa yana raba gardama ne idan 'yan wasan biyu suna kusa da juna a jeri, kamar tazarar mataki biyar. Tazarar ashirin ta yi yawa.

Baban_Benci: Na yarda da Malam, amma a ƙara da wannan. Teburin nan na makin da tsaro ya bari aka ci yana yaudara a farkon kaka, domin bayan wasa uku ko huɗu abin da yake nunawa kawai shi ne su wa suka haɗu da su. Duba inda ɗan wasanka ke tsayawa: idan a tsakiya yake, gwanin mai tsaron da ke riƙe gefe sau da yawa ba zai bi shi ba. Kuma ƙungiyar da ake sa ran za a rinjaya takan koma jifa a rabi na biyu, wannan riba ce gare ka in ɗan wasanka a cikinta yake. Iska mai ƙarfi ta fi ruwan sama lalata dogon jifa.

Inda mutane ke ƙonewa shi ne batun 'yan wasan da suka ji ciwo. Ana fitar da sunayen waɗanda ba za su buga ba minti 90 kafin wasa, don haka mai wasan dare ka ajiye shi a gurbin fileks, wato gurbin da ke karɓar ɗan wasa daga matsayi daban-daban, in aka cire shi za ka fi samun wanda zai maye. Mai wasan Alhamis kuma kada ya zauna a fileks, domin shi ke fara bugawa a mako, sai ya rufe maka gurbin tun da wuri.

Hagu_da_Dama: Ɗan'uwa, in kana buga na besbol ma, can lissafin ya sha bamban, musamman a gasar da ake canza 'yan wasa kullum cikin kaka mai wasa 162. Mai bugu bahago yakan fi jin daɗin mai jifa da hannun dama, shi ya sa ake duba hannun wanda zai fara jifa kafin a jera. Filin Coors na Denver yana kan tudu, kusan mita 1,600 sama da teku, ƙwallo na tafiya da nisa kuma jifa mai lanƙwasa ba ta lanƙwashewa sosai. Matsakaicin mai jifa a can, benci ya dace da shi. Gwanin mai jifanka na ɗaya dai bar shi ya buga ko a can ne.