Me za mu kira bahon da ke riƙe zafin ruwa a ɗakin wankin fim?

Jama'a, ku taya ni tsayar da kalma ɗaya. Shekara uku ke nan ina koyon wankin fim a wurin wani dattijo da muke kira Baba a Agege, cikin 'yan tsirarun da har yau ba su rufe ɗakin duhunsu ba. Akwai abin da Turawa ke kira water bath, mu kuma kullum sai dai mu ce "miƙo wancan bahon". Abin yana damuna, don duk aikin a kansa ya rataya.

Ga yadda yake. Lokutan wanki da kamfanonin fim Ilford da Kodak ke bugawa na fim baƙi da fari, akasari a kan digiri 20 na Selsiyos aka lissafa su. Ruwan tankinmu kuwa, jiya da azahar da na tsoma ma'aunin zafi, 29 na gani. Maganin wankin fim mai ɗumi saurin ci gare shi: kafin lokaci ya cika ya wuce gona da iri, wurin haske ya toshe, hoton ya fito da tsakuwa-tsakuwa. Don haka muke cika baho da ruwa, mu jefa ƙanƙarar fiya wata leda biyu, mu jera kwalaben magani a ciki har su sauko 20.

Na kala kuma akasin haka ne. Tsarin C-41 da Kodak ta fito da shi a 1972 yana son digiri 37.8, minti 3 da daƙiƙa 15 a maganin farko. Nan buta muke ɗorawa a wuta.

Da farko na ce "bahon sanyaya". Wani yayana a Idi-Araba ya ce, to ranar wankin kala fa, sanyaya me za ka yi? Gaskiyarsa. "Wankan ruwa" ban ma saurare shi ba, wa ya taɓa wankan da ba na ruwa ba? "Madaidaicin zafi" kuwa Hausar littafi ce, ba wanda zai faɗe ta hannunsa a jiƙe cikin duhu.

Kalmar a bakin matar Baba na tsince ta. Wata safiya cikin damina ina jiyo ta tana ce wa jikarta, "Ke, sirka masa ruwan nan kada ki ƙona yaro." Na tsaya cak da kwalba a hannu. Ai abin da muke yi ke nan! Mai sirka ruwa ba zafi take nema ba, ba kuma sanyi ba. Tana zubawa kaɗan-kaɗan, tana tsoma hannu, har ya zo yadda jiki ke so. Bambancin kawai mu ma'auni muke tsomawa.

Shi ya sa na ce bahon sirki. Aikin kuma sirkawa.

Baba bai yarda nan take ba. Ya ce, "Yaro, sirki gaurayawa ne. Ka gauraya maganina da ruwan baho, ka gama da ni." Na ce Baba, ruwan bahon ake sirkawa, kwalaben a rufe suke, zafin kawai suke ara. Ya yi shiru, sannan ya tuna mini fim ɗin bikin da na lalata a shekarata ta farko: na fito da shi daga magani mai ɗumi na zuba masa ruwan ƙanƙara kai tsaye, fuskar fim ɗin ta yamutse kamar fatar kada, har amarya ba ta ganuwa sosai. Ya ce da na san sirki a lokacin, da bai je ba da haƙuri gidan mutane ba.

Na riga na rubuta sunan da alƙalamin maka a jikin bahon. Abin da ya rage, na ji wasu na cewa surka, wasu sirka. Mutanen Kano, Katsina da Sakkwato, wanne kuke faɗa a gida?