Fomata ko sabon faifai? Gardamar da kwamfutar wata ɗaliba ta tayar a Damagaram

Ɗalibar Karkada: Assalamu alaikum, ina wuninku. Don Allah shawara nake nema. Kwamfutata ta hannu in na kunna ta sai na ɗora ruwan shayi ya tafasa ba ta gama tashi ba. Jiya na sa mata agogo: minti 6 kafin allo ya daidaita, sannan kusan minti 3 kafin Word ya buɗe. Core i5 ce ƙarni na 3, RAM giga 4, Windows 10, yayana ya sayo mini ita daga Kano, wadda aka taɓa amfani da ita ce. Memuwar ɗina, wato kundin kammala karatu, duka yana cikinta, ga sutanans, ranar kare shi gaban malamai, saura wata biyu a Jami'ar André Salifou.

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam ƙanwata. Magana ɗaya ce, fomata. Duk kwamfutar da ke jan ƙafa wajen tashi, a goge ta a zuba sabon Windows, shi ke nan. Shekara bakwai ina riƙe da sibar, na'urar da na yi wa haka ba ta ƙirguwa. Ki kawo gobe, jikka biyu, kafin la'asar kin karɓi abinki.

Hajiya Sakatariya: Ɗana, dakata tukuna. Ɗiyata, kafin kowa ya taɓa na'urar nan, daren nan ki kwashe memuwar ki sa a kile, ki kuma aika wa kanki ta imel. Ni an taɓa yi mini fomata a wani shago, na ce wa yaron akwai takardun biro a ciki, ya ce babu komai Hajiya. Da na karɓo, aikin shekara uku babu ko shafi ɗaya, har da hotunan aikin hajjin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Har yau abin yana ci mini rai. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Birni: Allah ya jiƙan Inna, Hajiya. Amma wannan sakacin yaron ne. Mai hankali yana kwashe kaya kafin ya goge.

Mai Gyara Kasuwar Dole: Malam Ɗan Birni, ban yarda da "duk" ɗin nan taka ba. Kwamfutar ƙarni na 3 ta wajen 2012 ce, kuma kusan dukkansu da diski-dur mai juyawa suka zo, wato faifan ajiyar bayanai. A cikinsa faranti ne ke zagaye sau 5400 a minti, da ɗan hannu kamar allura yana kai da komowa yana neman bayanai. Lokacin tashi Windows na karanta dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse, kowane ɗaya sai allurar nan ta je ta lalubo shi, tafiya ɗaya tana cin fiye da kashi 10 cikin 1000 na daƙiƙa. SSD, sabon nau'in faifan ajiya, ba shi da abin da ke motsi, yana samo fayil cikin wajen kashi 1 cikin 10,000 na daƙiƙa. Wajen kwasar babban fayil ma, tsohon faifai bai cika wuce mega 100 a daƙiƙa ba, SSD na SATA, wato mai shiga gurbin tsohon faifan, yana haura 500. Ka goge sau goma, allurar nan dai ita ce za ta ci gaba da aikin. Fomata na ba da sauƙin wata ɗaya ko biyu, da an mayar da manhajoji, sabuntawar Windows ta sauko, sai a koma gidan jiya.

Ɗan Birni: Malam, da girmanka, amma kai SSD kake sayarwa. Dole ka ce SSD. Yarinyar nan ɗaliba ce, kuɗin buga memuwar ma yana jiran ta.

Mai Gyara Kasuwar Dole: Ina sayarwa, ban ɓoye ba. Ta saya a inda ta ga dama, ko a Sabon Gari ko ta aika Kano, ni zan ɗaura mata ba ko dala. Abin da ba na so shi ne ta biya jikka biyu yau, ta sake biya bayan wata biyu, ana gobe sutanans.

Mushe Lisse: Ku yi haƙuri in shiga tsakani. Ku biyu kun rubuta magani, babu wanda ya duba majinyacin. Jinkirin tashi ba ciwo ɗaya ba ne, kuma inda na'urar ke tsayawa shi ke nuna inda ciwon yake. Ɗiyata, ki lura da wurare uku. Daga danna maɓalli zuwa fitowar tambarin Windows, wannan aikin BIOS ne, ƙaramar manhajar da ke tayar da na'urar, Windows bai ma fara ba, don haka fomata ba ta da abin da za ta gyara a nan. In tana daɗewa a wurin, cire duk kile da abin da ke maƙale a jikinta, ki duba ko akwai faifan CD da aka manta a ciki. In kuma agogonta yana komawa wata tsohuwar shekara, ko tana neman a danna F1, ƙaramin batirin nan ne na cikin allon uwa ya mutu, irin CR2032 mai bolt 3, abu mai arha. Na biyu, daga tambarin zuwa wurin sa kalmar sirri. Na uku, bayan kin shiga, lokacin da allo ya fito amma komai ya ƙi motsi. A wanne ta fi ɓata lokaci?

Ɗalibar Karkada: Mushe, tambarin yana fitowa da wuri, agogo ma daidai yake. Ɗigon nan masu zagaye ne ke daɗewa, sannan bayan na shiga abin ya fi muni. Linzami na motsi amma in na danna abu shiru.

Mushe Lisse: To madalla, mun rage hanya. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Gestionnaire des tâches, mai nuna abin da na'urar ke yi, zai buɗe. Shiga Démarrage. Duk abin da kika gani an rubuta Activé a gabansa yana tashi ne tare da na'urar, suna rububin faifai ɗaya a lokaci guda kamar masu ɗiban ruwa a famfo ɗaya. Faɗa mana nawa ne. Daga nan ki shiga Performances ki ga kashi nawa Disque (faifai) da Mémoire (RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta abin da ake aiki a kai) suke nunawa.

Ɗalibar Karkada: Guda 17 ne. Akwai na sauke bidiyo, akwai na tura fayil daga waya, da wasu ban san su ba. Antibirus ma biyu na gani. Disque yana kan 100%, Mémoire 78%.

Ɗan Birni: Kun gani? Shara ce ta cika ta. Kuma ina mai tabbatar muku akwai ƙwayar cuta. Duk ɗalibin da ke yawo da kile daga wannan shagon fotokwafi zuwa wancan, sai ya kwaso cutar nan mai mayar da fayiloli gajerun hanyoyi. Kullum ina gani. Wa ke da lokacin bin su ɗaya bayan ɗaya? A share gona gaba ɗaya a sake shuka.

Mushe Lisse: A maganar kile kana da gaskiya, Malam, kuma in cutar ta yi katutu ni ma gogewa nake cewa a yi. Amma abin da ta lissafo aikin minti goma ne, kyauta. Ɗiyata, ki danna Désactiver a kan duk wanda ba kya buƙata da safe, ki bar na sauti da na linzamin jiki. Wannan ba goge su ba ne, hana su tashi da kansu ne kawai. Antibirus biyun nan ki cire su duka. Kowane fayil da aka buɗe sai wannan ya bincika, wancan ma ya bincika, har su riƙa binciken juna. Windows 10 yana da nasa, Defender, da zarar kin cire su zai karɓi aikin, sai ki sa shi ya yi cikakken bincike. In kin gama ki zaɓi Redémarrer, kada ki zaɓi Arrêter. Tun Windows 8 aka kawo abin da suke kira tashi da sauri: in kin kashe, ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana ajiye wani sashe nata a faifai ta ɗauko gobe, har da matsalar jiya. Redémarrer ne ke tayar da ita daga tushe.

Autan Fada: Ni dai na ce a sa mata Linux Mint a madadin Windows a huta. Windows 10 ma Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba 2025, kuma wannan na'urar ba za ta samu Windows 11 ta hanyar da ta dace ba, sai ƙarni na 8 zuwa sama da guntun tsaron nan TPM 2.0.

Hajiya Sakatariya: Auta, maganar tallafin gaskiya ce, amma mai sutanans nan da wata biyu ba a canza mata wurin aiki. Malaminta da Word yake gyara mata. A bari ta gama tukuna.

Autan Fada: Na ji, Hajiya. Bayan sutanans ɗin zan sake tayar da maganar.

Ɗalibar Karkada: Na yi duk yadda Mushe ya ce. Yanzu minti 4 ne maimakon 6, kuma Word ya fi saurin buɗewa. Defender bai sami komai ba. Amma Disque har yanzu yana manne a 100% na tsawon lokaci, kuma da na kara kunnena ina jin wani ɗan ƙas-ƙas daga gefen hagu, yana yi yana tsayawa.

Mai Gyara Kasuwar Dole: Wannan ƙarar ita nake tsoro. Ƙanwata, kin kwashe memuwar kamar yadda Hajiya ta ce?

Ɗalibar Karkada: Na kwashe, Malam, a kile da imel.

Mai Gyara Kasuwar Dole: Alhamdu lillahi. Sauke CrystalDiskInfo, kyauta ce kuma ƙarama, ba za ta cinye miki forfe ba. Faifai yana rubuta tarihin lafiyarsa da kansa, ita karantowa kawai take yi. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuma ya kusa tafiya. Za ta nuna miki har awoyin da faifan ya yi yana aiki tun da aka ƙera shi.

Ɗalibar Karkada: Rawaya ne. Layi biyu ma rawaya ne a ƙasa. Awoyi 21,000 da wani abu.

Mai Gyara Kasuwar Dole: To gani ya kori ji. Layukan nan suna nufin wasu gurabe a kan farantin sun lalace, faifan yana ta ƙoƙarin karanta su yana sakewa, shi ne jinkirin da kike gani da ƙarar da kike ji. Kuma ba abin mamaki ba ne a garin nan. Na'urar da batirinta ya mutu, wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubutu, ta mutu nan take. A sa ta a jaka tana kunne a hau kabu-kabu, kowane rami allurar na iya gogar farantin. Ga zafin watan Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu. Makon jiya na buɗe wata, abin da na ciro tsakanin fanka da ragar iska kamar auduga aka cusa, launin jar ƙasa, har ya yi tauri. Malam Ɗan Birni, da ka zuba sabon Windows a kan wannan faifan, giga sama da 10 za ka tilasta masa rubutawa a jere. Wani yana mutuwa a tsakiyar aikin.

Ɗan Birni: A wannan na'urar na sallama, faifan ya gaji, ban musa ba. Amma in tambaye ka. In ta sayo SSD ɗin, me za ka zuba a kai?

Mai Gyara Kasuwar Dole: Sabon Windows. Ba na kwafe faifai mai rawaya ɗungurungum zuwa sabo, lalatattun fayiloli za su biyo.

Ɗan Birni: To ai kun dawo kan maganata. Sabon Windows, babu shara 17, babu antibirus biyu. Rabin saurin da za ta gani daga nan zai fito, amma SSD za a yaba.

Mushe Lisse: Rabi ya yi yawa, Malam, ita da kanta ta auna. Sharar ta ci minti 2, ta cire ta ba tare da ta goge komai ba, saura minti 4 suna wuyan faifai. Abin da na ƙi a maganarka tun farko kalmar "duk" ce. Akwai na'urar da fomata ke warkarwa: wadda cuta ta cinye, ko wadda wuta ta ɗauke tana tsakiyar sabuntawa Windows ya rikice. In faifanta shuɗi ne, ni da kaina zan turo maka ita. Roƙona ɗaya, ka riƙa duba launin nan kafin ka goge, minti biyu ne.

Ɗan Birni: Wannan zan iya. Na sauke ta yanzu ma, zan bi na'urorin sibar da ita gobe. Amma ina nan kan cewa mafi yawan waɗanda ake kawo mini shara ce ke damun su.

Maman Biyu: Ni tambayata RAM. Maigidana ya ce ƙara RAM shi ne komai. Ba za ta fara da shi ba?

Mai Gyara Kasuwar Dole: RAM yana taimako in an buɗe abubuwa da yawa, Chrome da Word da PDF a lokaci guda. Giga 4 ya matse, 8 ya fi. Amma in kuɗin abu ɗaya ne a hannu, nata faifai ne, tunda shi ke mutuwa. In ta tashi ƙarawa daga baya ta duba takardar da ke jikin na ciki, PC3 ne ko PC3L, ta sayi irinsa, kuma Windows ɗin ya zama mai bit 64, don mai 32 ba ya cin moriyar abin da ya haura giga 4.

Ɗalibar Karkada: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi magana da Yaya, ya ce zai turo kuɗin ranar Alhamis. Wane iri zan nema?

Mai Gyara Kasuwar Dole: SATA mai inci 2.5, giga 240 ko 256 ya ishe ki. Kada ki karɓi siririn nan M.2, ba shi da gurbi a irin taki. Ki sayi mai suna a cikin kwalinsa, akwai na jabu masu ƙaryar girma, za mu gwada shi a gabanki kafin mai shi ya tafi da kuɗi. Daga yau zuwa Alhamis ki rage kunna ta, sauran hotuna da takardu ki kwashe su kaɗan-kaɗan, mafi muhimmanci a gaba. Ki zo bayan azahar da sharjarki, zan busa fankar in sa sabon man sanyaya a kan furosesa tunda an riga an buɗe.

Hajiya Sakatariya: Kuma tsohon faifan a hannunki za ki dawo da shi gida, ɗiyata, kada ki bar shi a shago. Malam, a sa mata shi a ɗan akwatin nan mai igiyar USB ko akwai abin da ta manta a ciki.

Mai Gyara Kasuwar Dole: In sha Allahu, Hajiya. Akwai ɗaya a wurina, zan ajiye mata.