Me zamu kira open source da Hausa? Kyauta dai bata yi ba

Salam jama'a, dan Allah a taimaka mu tsayar da kalma ɗaya. Tunda Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025 mutane ke ta tambaya akan Linux, babbar manhajar da ke iya maye gurbin Windows, musamman masu kwamfutar da lafiyarta ƙalau amma Windows 11 ta ƙi hawa kanta saboda babu guntun tsaro na TPM 2.0 ko injin ya tsufa, da kuma ƴan gem da suka ga abinda Steam Deck, na'urar gem ta hannu mai aiki da Linux, keyi. To duk wanda ya tashi yin bayani da Hausa da ya zo kan open source, wato manhajar da kowa ke iya karanta rubutun da aka gina ta dashi ya canza ya raba, sai ya tsaya cak, wani yace manhajar kyauta, wani yace buɗaɗɗen tushe, wani ya barta da Turancinta ya wuce. Wasu ƴan uwa sun riga sun kawo shawarwarinsu, zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ga abinda nake gani, wanda ya fini sani ya gyara.

Da farko a ajiye "manhajar kyauta" gefe, wlh ita tafi kowacce ɓata fahimta duk da ita tafi saurin zuwa baki. Ɗauki kwamfutar ɗan gem guda ɗaya ka duba abinda ke ciki. Manhajar Steam ta kamfanin Valve, wadda ake sayen gem a cikinta, ko kwabo baka biya kafin ka sauke ta, amma rubutun da aka gina ta dashi yana hannun Valve, babu wanda zai baka ka karanta balle ka canza. Kyauta ce amma a kulle take. Proton kuma, wanda shine ke sa gem ɗin da aka yiwa Windows ya tashi akan Linux, Valve ɗin dai ce ta fito dashi a 2018, shi kuwa rubutunsa na nan a shafin GitHub kowa ya gani ya taɓa, an gina shi ne akan Wine, mai tada manhajojin Windows akan Linux, da ake aikinta tun 1993 da kuma DXVK mai juya umarnin zanen hoto na Windows (DirectX) zuwa wanda Linux ke ganewa (Vulkan). Sannan ga Red Hat, kamfanin Linux da kamfanoni ke biyan kuɗin rajista duk shekara, har IBM ta sayi kamfanin a 2019 akan dala biliyan 34, kuma open source suke yi. Kaga kenan maganar kuɗi daban maganar buɗewa daban, kalmar da zata haɗa Steam da Proton a kwando ɗaya ta kuma fitar da Red Hat waje bata yi aikin ba.

Abin dariyar ma su kansu Turawan wannan rikicin ne yasa suka ƙirƙiro open source ɗin. Kalmarsu ta free tana ɗaukar kyauta tana ɗaukar ƴanci, ƴan kasuwa da sun ji sai su ɗauka kayan banza ne da ba'a samun kuɗi dashi, shine a farkon 1998 bayan Netscape ta sanar zata saki rubutun burauzarta, Christine Peterson ta kawo shawarar sabon suna, Eric Raymond da Bruce Perens suka kafa ƙungiya akai a shekarar. Mu kuwa Hausa ta raba mana kyauta da ƴanci tun asali, kamar yadda Faransanci ya raba, don me zamu je mu aro ruɗanin da harshenmu bai dashi.

Malam da kace "buɗaɗɗen tushe", Allah ya ƙara basira, na san daga inda ka ɗauko kuma nima na sha gani a rubuce, Larabawa ma kusan haka suka yi da tasu. Matsalata da ita kunne ne. Ka faɗawa wanda bai san Turanci ba cewa ka koma buɗaɗɗen tushe ka ga kallon da zai maka, tushen me? Tushe a wajenmu gindin abu ne ko asalin mutum, shi kuma abinda ake nufi anan rubutu ne, layi layi da masu haɗa manhaja ke bugawa da hannu kafin a juya shi zuwa abinda inji ke ganewa. Masu sana'ar kod suke cewa, in ana son Hausa zalla ace rubutun asali, duka biyun sun wadatar. Kuma a jimla bata zama, gwada cewa "Linux buɗaɗɗen tushe ce" kaji yadda jinsi ke faɗa da juna.

Yaya kuma ta kawo "manhajar gayya", gaskiya ta min daɗi a baki sosai kuma akwai ƙamshin gaskiya, tunda Linus Torvalds ya fara Linux yana ɗalibi a Helsinki a 1991 dubban mutane ne suka sa hannu. Sai dai Yaya, kalmar tana faɗin yadda akayi aikin ne bata faɗin hakkin da kake dashi akan abin. Akwai manhajar da mutum ɗaya tak ya rubuta a ɗakinsa ya saka mata lasisin GPL ko MIT masu baka damar canzawa da rabawa, babu gayyar kowa kuma open source ce cikakkiya. Sannan yawancin aikin da ake yiwa zuciyar Linux, wato ɓangaren da ke sarrafa injin kai tsaye, yanzu ma'aikatan kamfanoni ne irinsu Intel da Google da Red Hat masu karɓar albashi.

Wanda yace "marar sirri" kuma dan Allah ɗan uwa rufa mana asiri, ka cewa mutum ya saka manhaja marar sirri a kwamfutar da yake shiga banki da ita, ai ko kallonka bazai sake yi ba.

Saura biyu da nake ganin sune ƴan takara na gaske, ƴantacciyar manhaja da buɗaɗɗiyar manhaja, kuma ni inaga kar mu zaɓi ɗaya mu yar da ɗaya don ba abu ɗaya suke fassarawa ba. Richard Stallman da ya fara aikin GNU na gina babbar manhaja mai ƴanci a 1983 ya kafa gidauniyarsa a 1985, maganarsa akan ƴanci huɗu ne: kayi amfani da manhaja yadda kaga dama, ka karanta rubutunta ka canza, ka rabawa wasu, ka kuma raba wadda ka gyara. Shi har yau baya son a kira abinsa open source, yana ganin an cire maganar hakki an bar maganar ingancin aiki kawai. To abinsa shine ƴantacciyar manhaja, a bar masa. Wani ya ja ni da cewa ƴantacce ai wanda aka taɓa mallaka ne aka sake shi, Linux kuwa ba'a taɓa kulle ta ba, hakane kam, in ana bin ƙa'ida gem ɗin Doom ne ƴantacce na gaskiya tunda a kulle ya fito a 1993 sai id Software ta saki rubutunsa a 1997, daga baya a 1999 ta maida shi GPL, shi yasa har yau ake ta ɗora shi akan kowace irin na'ura. Amma mu ma muna cewa ƴantacciyar ƙasa bama tsayawa binciken tarihi, ta wuce.

Open source ɗin kanta kuwa ni na tsaya akan buɗaɗɗiyar manhaja, jam'i buɗaɗɗun manhajoji. Dalilina na farko kunnen Bahaushe ya riga ya saba da buɗaɗɗiyar wasiƙa, wadda aka rubuta don kowa ya karanta, to ba sabon abu muka ɗora masa ba. Na biyu tana da kishiya a shirye, kullalliyar manhaja, kuma na fi son kullalliya akan rufaffiya saboda kulle yana nuna akwai mai riƙe da makulli, wanda shine ainihin zancen. Gwada su a magana kaji: Linux buɗaɗɗiya ce, Windows kullalliya ce, LibreOffice da Firefox da VLC buɗaɗɗu ne, Steam kullalliya ce mai zama akan buɗaɗɗiya, yawancin gem ɗin da kake saya kullallu ne kuma Proton bai buɗe su ba tafinta kawai yake musu. Duk jimlolin nan sun zauna ba tare da an murɗa harshe ba.

Har matsalar da ƴan gem suka fi kuka da ita tana fitowa sarai da kalmomin nan. Valorant da Fortnite basa tashi akan Linux, Apex Legends ma da yake yi a da an rufe ƙofar a ƙarshen 2024, kuma ba don Linux ta gaza ɗaukar nauyin hoton bane, manhajar kama masu maguɗi ce matsalar, irinsu Vanguard na Riot, kamfanin Valorant, da ke shiga can cikin zuciyar Windows su zauna suna gadi. Kamfanonin suna ganin a buɗaɗɗiyar babbar manhaja mai kwamfuta zai iya canza zuciyar da kansa ya ɓoye maguɗinsa, to basu yarda ba. Wanda rayuwarsa ke kan waɗannan gem ɗin ya duba ProtonDB, shafin da ke nuna gem ɗin da ke tashi akan Linux, tukuna kafin ya goge Windows, ko ya bar su biyun akan kwamfuta ɗaya yana zaɓa lokacin kunnawa.

Na yarda da ƙanina da yace buɗaɗɗiya bata faɗi komai da komai ba. Gaskiya ne, Epic tana bari ka ga rubutun Unreal Engine, manhajarta ta haɗa gem, amma lasisinta bai baka damar rabawa duniya yadda kake so ba, don haka gani kaɗai baya sa abu ya zama open source, sai lasisi ya yarda ka canza ka raba. Amma ai ita ma ta Turancin wannan raunin gareta, sai da suka zauna suka rubuta sharuɗa goma suka jingina mata. Irin na Unreal ɗin sai mu ce mai rubutu a bayyane, mu bar buɗaɗɗiya ga wadda ta cika sharuɗa. Masu tsoron kar aji buɗaɗɗiya a ɗauka ƙofa ce a hangame ga ɓarayi, layi ɗaya na bayani ya isa, rubutun ginin ne a buɗe ba fayilolinka ba.

Operating system kuma ban ga dalilin taɓa ta ba, babbar manhaja ta riga ta kama ƙasa a rubuce rubuce, duk da uwar manhaja da wani ya kawo ta fi min daɗi. Inda na maƙale yanzu shine distro, wato nau'o'in Linux irinsu Ubuntu da ta fito a 2004 da Mint da aka gina akanta da Fedora da SteamOS na Steam Deck da ke kan Arch Linux, zuciya ɗaya kaya daban daban. Na gwada reshe naga ya fi dacewa da wadda ta ɓalle daga wata, na gwada samfuri naji kamar ana maganar mota, zubi ne ya ɗan kwanta min, zubin Mint, zubin Fedora, wane zubi ka saka? Malam kai da kafi mu nahawu me ka gani, zubi zai yi ko a sake lale.