Awon jininsa daidai amma Sista ta ce shok ne, don Allah a fahimtar da ni

Ɗalibar Nas:
Salam jama'a. Jiya ina dutin dare aka kawo wani saurayi, adaidaita ta buge shi wajen Ƙofar Nassarawa, na auna BP, wato awon jininsa, na ga 110/70 har na ce Alhamdulillah da sauƙi, sai Sista ta kama hannunsa kawai ta ce maza a kawo kanula (allurar robar da ake sa wa a jijiya don ƙarin ruwa ko jini) manya guda biyu, yaron nan yana shiga shok (wato jini ya daina isa sassan jiki yadda ya kamata). Ni dai na bi umarni amma wlh ban gane me ta gani ba, kunya ta hana ni tambaya.

Maman Biyu:
Ƙanwata, sanyin hannun ta ji. Ki tuna, da gumi a goshinsa? Yana ta neman ruwa yana mutsu-mutsu? Matashi jikinsa na da ƙarfi, jijiyoyi sai su tsuke, zuciya ta ƙara gudu, BP ya tsaya cak alhali jini na zuba a ciki, kafin lambar sama ta BP ta faɗi ƙasa da 90 an riga an yi nisa. Ki danna farcensa ya yi fari ki saki, in ya wuce sakan 2 zuwa 3 bai dawo ja ba to akwai magana. Ki riƙa duba ledar fitsari ma, in ba ta taruwa ƙoda ba ta samun jini.

Likitan Gyaɗi-Gyaɗi:
Bugun zuciyarsa nawa ne a minti ɗaya? Nan amsar take. In bugun ya zarce lambar sama ta BP, hankalina ba ya kwanciya. Sannan ba kowane shok ake ɗura wa ruwa ba fa. Mai amai da gudawa, irin waɗanda ke cika IDH (asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano) da damina, ruwan Ringa, wani ruwan leda da ake ƙarawa ta jijiya, yake so da gaggawa. Mai zubar jini kuwa a tsayar da zubar a nemo jini, ledar ruwa ba ta ɗaukar oksijin. Wanda allura ta tayar wa da borin jini har numfashi ya sarƙe, allurar adirenalin 0.5mg a cinya ga babba. Amma dattijo mai ciwon zuciya, kika cika masa ruwa huhunsa ne zai cika.

Abban Unguwa:
Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, amma mu za mu iya ba shi ruwa ya sha kafin asibiti?

Maman Biyu:
A'a Malam, zai iya shaƙewa, kuma ƙila tiyata za a shiga da shi. A kwantar da shi, a danne inda ke jini da tsumma mai tsabta, a lulluɓe shi, a nemi mota.

Ɗalibar Nas:
Na duba littafina, bugunsa 128 ne, ni na rubuta da hannuna ban ma kula ba. Da asuba aka shiga da shi tiyata, saifa ce ta fashe.