Kunkuruna mai lema ya yi funfuna: ku da kuka taɓa ƙera mutum-mutumin takarda, yaya kuka yi?

Mai tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mako biyu ke nan ina kan wani kunkuru da nake ƙerawa da jarida da kwaɓin fulawa. A tsaye yake da ƙafa biyu, riƙe da lema, ga 'yar jaka rataye a wuya. Ƙanwata ce ta zana shi a bayan littafinta, na yi mata alkawarin zai tsaya a kan teburinta. Na hura balan-balan don ƙoƙon bayan, na liƙa jarida hawa takwas a zama ɗaya saboda ina so ya yi ƙwari. Bayan kwana huɗu na taɓa na ji ya bushe, sai na shafa fenti. Yau na wayi gari da wani wari, ga ɗigo-ɗigon baƙi a ƙarƙashin ciki, wuyan kuma ya lanƙwashe. Abin ya yi min ciwo, don yarinyar kullum sai ta leƙo ta gani. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Wata malamar makaranta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu. Hawa takwas ɗin nan su ne suka ja miki. Haka ya faru da ni a mujiyar farko da muka yi da ɗalibaina, mai tabarau da jan wuya. Waje ya bushe, ciki na jiƙe, da muka shafa fenti sai muka rufe wa ruwan hanyar fita. Fulawa da danshi a rufe kuwa, funfuna ke nan.

Yanzu ba na wuce hawa biyu ko uku, sai in bar shi ya kwana ya wuni kafin in ƙara. Idan zan gwada, bayan hannuna nake ɗorawa: muddin na ji sanyi, akwai sauran ruwa a ciki ko da waje ya yi ƙararau. Ina zuba gishiri cokali ɗaya a kwaɓin, yana rage funfuna, amma ba ya fansar abin da bai bushe ba. Sannan hawa ɗaya jarida, hawa ɗaya farar takarda, don ido ya gane inda aka rufe da inda aka tsallake. Wurin da ya yi baƙin nan ki yanke shi ki zubar, kada ki shafe shi da fenti, musamman tunda hannun yarinya zai shiga.

Wani kafinta

Malama ta gama magana a kan bushewa. Ni wuyan ne ya tsaya min a rai. Takarda fata ce kawai, dole sai da ƙashi a ciki. Na yi wa ɗana raƙumin dawa mai takalmi a ƙafafu huɗu, na naɗe kwali kawai na yi wuya da shi. Yana shan ruwan kwaɓi ya yi laushi, kai ya sauko har ƙirji. Da na sake, waya mai kauri na ninka biyu na murɗe da filaya, tun daga kai har cikin ciki, na dunƙula jarida busasshiya a kanta, na ɗaure da salatif na takarda. Shekara uku ke nan wuyan bai motsa ba.

Tunda naki da ƙafa biyu zai tsaya, ga lema a sama, nauyi zai rinjaye shi. Ki sa tsakuwa a tafin ƙafafun kafin ki rufe, ko ki kafa wayar a guntun katako. Fulawa kuwa na daina. Na ajiye wani doki a ɗakin ajiya, ɓera ya cinye masa kunne da gefen fuska. Farin gam ɗinmu na katako nake sirkawa da ruwa kaɗan, shi ɓera bai damu da shi ba.

Wata uwa

Malam kafinta, ni dai ina nan a kan fulawa, don da yara ƙanana nake yi, kuma tana wankuwa daga hannu da tufafi ba wahala. Sai dai dafa ta nake yi: gwangwani ɗaya na fulawa, biyar na ruwa, a wuta kaɗan ana juyawa har ta yi kauri, a bari ta huce. Dafaffiya ta fi santsi, ba ta barin farin gari a jikin aiki. Wadda ta kwana biyu kuma zubar da ita nake yi, tsami take yi.

Gargaɗina a kan balan-balan ne. Na taɓa kai kifinmu mai fukafukai cikin rana don ya yi saurin bushewa. Iskar ciki ta ɗau zafi ta kumbura, takardar ta tsage tun daga baki har wutsiya, ƙaramar 'yata ta yi ta kuka. A inuwa nake shanyawa yanzu, gaban fanka, ina juya shi don ƙasan ma ya sha iska. Kuma a yaga jarida da hannu, kada a sa almakashi. Bakin yagaggiya yana kwanciya ya ɓace, na yankakkiya kuwa sai ya fito layi-layi a ƙarƙashin fenti. Jarida tana da ɓangaren da take yaguwa a miƙe, ki gwada tsaye da kwance za ki gane.

Wani ɗalibin zane

Anti, kafin ki miƙe wuyan nan ki tsaya ki dube shi da kyau. Ni kwaɗo na yi mai kambun sarauta, ido ɗaya ya zame ƙasa lokacin bushewa. Na so in gyara, sai na ga kamar yana kallon mutum ta gefe yana shirin faɗin wata magana. Na bar shi, kuma duk wanda ya shigo ɗakina idon nan yake fara yabawa. Kunkurun da ya lanƙwasa wuya a ƙarƙashin lema ai leƙen sama yake yi ya ga ko ruwa ya ɗauke.

Wannan sana'a tana son irin haka. A birnin Meziko, wani mai wannan sana'a mai suna Pedro Linares ya kwanta rashin lafiya a 1936, ya yi mafarkin halittu masu haɗe-haɗen jiki, irin su jaki mai fukafukai, da ya warke ya ƙera su da takarda ya kira su alebrijes. Har yau ana yin su.

Don fuska da yatsu, ina jiƙa kwalin ƙwai ya kwana, in murje shi, in matse ruwan sosai a tsumma, in cuɗa da farin gam. Yana ginuwa kamar yumɓu, amma a shafa shi siriri, mai kauri yana daɗewa bai bushe ba. Bayan nan sanfefa mai laushi, farin fenti a ƙasa don rubutun jarida kada ya fito, sannan launi, sannan banish.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yanke cikin, ashe har hawa na biyar a jiƙe yake, na zubar da duk gangar jikin. Kai da lemar lafiyarsu ƙalau, su daban na yi kuma ba su da kauri. Na murɗa waya kamar yadda Malam ya ce, sai dai na bar wuyan a karkace da gangan. Ƙanwata ta gani ta ce haka ma ya fi, wai a ƙara masa takalmin ruwa ja. Hawa biyun farko suna gaban fanka yanzu. Malama, takalmin in gina shi a kan ƙafar tun yanzu, ko in bari sai jikin ya gama bushewa?