Canza shok a tsohuwar mota: abin da kowa ya gani da idonsa

Mai Camry 2005

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Motata Toyota Camry ce ƙirar 2005, ta haura kilomita 230,000, kuma tun da ta shigo hannuna ban taɓa canza mata shok ba. Kwanan nan, duk lokacin da na hau gargada ko na faɗa ƙaramin rami, sai in ji ƙara ƙwas-ƙwas daga gaba ta hannun dama, sannan idan na taka birki da ɗan ƙarfi, goshin motar yakan duƙa fiye da yadda na saba gani. Makanikin da na fara kai wa ya danna gefen motar da hannu, ya saki, ya ce shok ya mutu, in sayo guda ɗaya. Kafin in taɓa aljihuna, ina roƙon waɗanda suka taɓa yin wannan aiki su gaya mini irin wanda suka saka, da abin da suka canza tare da shi, da kuma inda suka yi tuntuɓe.

Tsohon Direba

Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka sayi guda ɗaya. Na yi wannan kuskure a Peugeot 504 shekaru da yawa da suka wuce, na saka sabo a dama na bar tsoho a hagu, sai motar ta koma kamar mai ɗingishi: ɓangare ɗaya ya tsaya cak bayan rami, ɗayan yana ci gaba da lilo, kuma a kwana mai kaifi nakan ji tana neman ƙwace mini sitiyari. Biyun gaba tare ake canza su, haka ma biyun baya.

Ka kuma sani cewa abin da ke ƙafar motarka ya wuce shok zalla. Irin wanda ake kira MacPherson ne, sunan injiniyan Amurka Earle MacPherson da ya tsara shi, kuma tun farkon shekarun 1950 kamfanin Ford ya saka shi a motocinsa Consul da Zephyr a Ingila. Shok da sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota, a haɗe suke, samansa yana ɗaure a jikin mota, ƙasansa kuma shi ke riƙe da ƙarfen da taya take juyawa a kai. Camry irin taka gaba da baya duk haka take. Saboda haka, da zarar an kwance shi, tsayuwar taya ta motsa, kuma dole ne a je a yi saitin ƙafafu bayan an gama.

Malama mai Corolla

Baba ya yi gaskiya game da canza biyu tare, amma ina so in ja hankalin mai tambaya zuwa ga ƙarar da yake ji, domin a nan ne na yi asara. Corolla tawa ta 2006 ta riƙa irin wannan ƙwas-ƙwas, aka ce shok ne, na saka sababbi biyu, amma tun ban yi nisa da gareji ba na hau tudun rage gudu na farko, ƙarar ta dawo kamar ba a taɓa komai ba. Wani makaniki mai haƙuri ne ya gano bakin zaren. Akwai wata siririyar sanda mai ɗan ƙwallo a kowane kai, wadda ta haɗa shok da dogon ƙarfen da ke hana mota karkata a kwana. Ya kwance ta, ya ɗaure ƙarfen gefe guda, muka zagaya a hankali, shiru kake ji. Da ya miƙo mini sandar, na girgiza ta kusa da kunnena, sai ga ƙarar nan a tafin hannuna, robar da ke rufe ƙwallon ta yage, man shafawa ya bushe ƙaf.

Shok da ya gaji yakan nuna kansa ta hanyar lilo, da duƙawar goshi, da taya da ke cinyewa tudu da kwari a zagaye. Ƙara kuwa sau da yawa daga wannan sanda take, ko daga robar saman shok. Danna mota da hannu ba ya tona asirin kowane shok, sai wanda ya mutu murus. Ka sa a ɗaga motar a duba jikinsa: ɗan danshin mai da ƙura ta manne wa ba abin tashin hankali ba ne, amma idan mai yana gangarowa har ƙasa, ya gama aiki.

Mai Gyara da Kansa

Ni da hannuna na canza nawa, kuma ba zan ba kowa shawarar ya bi hanyar da na bi a karo na farko ba. Sifirin da ke jikin shok a matse yake, ko da an cire shi daga mota, kuma babban notin da ke tsakiyar sama ne kaɗai yake riƙe da shi. Kafin a taɓa wannan noti, sai an matse sifirin da maƙata biyu masu zare, ɗaya a kowane gefe. Nawa masu arha ne, ban kuma lura cewa ina ɗaure ɗaya fiye da ɗayan ba, sai sifirin ya lanƙwashe kamar baka, maƙatar ta zame ta zagayo ta haɗu da 'yar'uwarta. Na ja da baya, jikina yana rawa, na ɗauki kusan awa ɗaya ina sassautawa zare-zare. Da ya kuɓuce, da ba ni ne nake rubuta wannan ba.

A karo na biyu na sayi wanda aka riga aka harhaɗa, da sifirin da robar sama da boris ɗinta da rigar ƙura duk a jiki. Kamfanin Monroe yana kiran nasa Quick-Strut, KYB kuma Strut-Plus. Noti uku a sama, manyan kusoshi biyu a ƙasa, sai sandar da Malama ta ambata, da maƙalin tiyon birki da wayar ABS (na'urar da ke hana taya ƙamewa idan an taka birki), waɗanda ake cire su a hankali tun da farko don kada nauyin ƙafa ya ja su.

Injiniya

Ina girmama ra'ayin ɗan'uwana, amma harhaɗaɗɗen ma sai an zaɓa. Na taɓa saka wani mai arha wanda ban san kamfaninsa ba, gaban motar ya ɗaga har fitilu suna haska saman bishiyoyi, kuma kowace tsakuwa sai na ji ta a ƙugu. Dalili shi ne, wasu masu ƙera irin waɗannan sukan yi sifirin guda don injuna daban-daban, alhali Camry mai silinda huɗu da mai silinda shida (V6) nauyin gabansu ba ɗaya ba ne. Tsayin mota aikin sifirin ne, shok kuwa lilo yake kashewa. Don haka idan ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin jikin mota a dama da hagu ka ga sun yi daidai, kuma sifirin bai yi tsatsa ko ya karye ba, to naka na asali ya fi yawancin waɗanda za ka saya.

Abin da na koma yi shi ne, na ajiye sifirin ɗina, na sayi KYB Excel-G, wanda aka yi shi don ya mayar da mota kusa da yadda ta fito daga kamfani, na haɗa da sabuwar robar sama, na kai wa mai injin matse sifirin na jikin bango ya harhaɗa. Sachs ma na ji daɗinsa a wata mota. Bilstein kuwa akwai nau'insa mai tauri, wanda ya fi dacewa da mai son gudu a kwana, ba mai kai yara makaranta ba. A lura, na dama da na hagu lambarsu ta bambanta, kuma wutsiyar sifirin tana da gurbin da take zama a kan faifan shok. Idan ba ta zauna a nan ba, za ka ji ƙara duk lokacin da ka murza sitiyari. Kada kuma a bar makaniki ya kama sandar shok mai sheƙi da filaya, domin ƙarzanewa kaɗan ta isa ta yaga robar da ke tare mai.

Mai Tasi

Na gwada na hannu, waɗanda aka ciro daga wata motar, sau biyu. Daga waje tsaf suke, an wanke an fesa fenti, amma ba wanda ya san nisan da suka yi. Na farko bai kai wata huɗu ba ya fara zubar da mai. Na kuma taɓa ɗage saitin ƙafafu na ce sai wani mako, kafin in farga gefen ciki na sabuwar taya ya cinye har waya ta leƙo.

Mai Camry 2005

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na koma gareji na sa aka ɗaga motar kamar yadda Malama ta ce. Shok na dama jiƙe yake da mai har ƙasa, na hagu a bushe, amma da aka cire shi aka danna sandarsa, sai ta nutse ba tare da wata turjiya ba. Siririyar sandar dama ma tana kaɗawa a hannu, wato matsala biyu ce ta haɗu. Na auna tsayin motar, dama da hagu ba su bambanta ba, don haka na bi Injiniya: KYB biyu a gaba, robar sama biyu, sanduna biyu, sifirin na asali, kuma a ranar aka yi saiti. Ƙarar ta ɗauke, goshin ya daina duƙawa. Sai dai yanzu da gaba ya natsu, na fara jin bayan motar yana lilo sau biyu bayan kowane tudu, abin da a da ban lura da shi ba. Baba, in na zo canza na baya, shin sai an cire kujerar baya kafin a kai ga notocin sama?