Neman sunan hanyar da tauraron ɗan'adam ke bi yana zagaya duniya

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu fassara da masu rubuta labaran kimiyya. Akwai kalma ɗaya da ta daɗe tana ba mu wahala a duk lokacin da aka harba roka, wato wadda Turawa ke kira orbit, kuma ina ganin ya kamata mu tsayar da magana a kanta. Roka dai mun aro ta kuma ta zauna, harbawa tamu ce tun asali, tauraron ɗan'adam kuwa ya kama bakin kowa har an manta cewa ƙirƙiro shi aka yi. Wannan ɗayar ce muke tsallakewa, sai mu rubuta cewa an harba tauraro zuwa sararin samaniya, mu ɗauka mun sauke nauyi.

Amma isa sararin samaniya daban, zama a cikinsa kuma daban. A ranar 12 ga Afrilun 1961 Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet ya zagaya duniya sau ɗaya a tafiyar minti 108. Bayan makonni uku Alan Shepard na Amurka ya tashi har tsawon kimanin kilomita 187, ya wuce kilomita 100 da aka saba ɗauka a matsayin iyakar sararin samaniya, amma cikin minti 15 ya sauko a teku. Dukansu sun je sararin samaniya, sai dai ɗaya ne kawai ya hau hanyar da muke nema wa suna. Abin da ya raba su gudu ne na gefe. Roka kan tashi a tsaye domin ta keta iska mai kauri, sannan ta riƙa karkata a hankali har ta kusa kwantawa daidai da shimfiɗar ƙasa, ta kai kayan da ta ɗauko gudun kusan kilomita 28,000 a sa'a kafin ta sake shi. A irin wannan gudu tauraron faɗowa yake yi kullum, amma duniya na lanƙwashewa a ƙarƙashinsa gwargwadon faɗowar tasa, shi ya sa ba ya taɓa ta. Duk kalmar da za mu zaɓa dole ta iya ɗaukar wannan ma'ana.

Kewaye ce ke fara zuwa wa mutum a rai, kuma na sha ganinta a rubuce. Illarta biyu ce. A kunnen Bahaushe kewaye shi ne abin da ke gefen wuri, kamar yadda ake cewa birni da kewaye, don haka kewayen duniya zai iya nufin duk abin da ke kusa da ita. Idan kuma muka bi ƙa'ida muka gina sunan wuri daga kewaya, sai mu faɗa kan makewayi, wanda kowa ya san inda ake nufi da shi, kuma ba na jin akwai mai karanta labarai da zai yarda ya ce an sanya tauraron sadarwa a makewayi.

Da'ira ta fi tsabta, amma ba ta faɗi gaskiya ba. Tun 1609 masanin taurari Johannes Kepler ya nuna cewa hanyoyin duniyoyi masu siffar ƙwai ne, kuma haka na taurarin ɗan'adam suke. Taurarin Molniya da Sobiyet ta fara harbawa a 1965 sukan sauko kusa da ƙasa a gefe ɗaya, su cilla har kimanin kilomita 40,000 a ɗaya gefen, domin su daɗe a saman arewacin ƙasar. Zagaye kuwa ina so mu bar ta inda ta fi amfani, wato wajen ƙirga, kamar a ce tashar binciken sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa na kammala zagaye ɗaya cikin kusan minti 90. Wani abokin aiki ya ce mu aro kalmar madar da Larabawan yau ke amfani da ita, na ce masa da zarar ta shiga bakin Bahaushe madara za ta koma.

Abin da nake ba da shawara shi ne falaki. Kalmar ba baƙuwa ba ce, ta daɗe a Hausa cikin ilimin falaki, kuma asalin ma'anarta ita ce ainihin abin da muke nema: a aya ta 40 ta Suratu Yasin an ambaci rana da wata cewa kowanne yana iyo a cikin falaki, wato tafarkin da yake bi yana juyawa. Na san za a ce wasu na jin ta ne a wajen masu lissafin taurari da buruji, kuma wannan ƙorafi ne mai ƙarfi. Amsata ita ce tauraro ma can muka ɗauko shi muka liƙa wa na'urar da mutum ya ƙera, kuma babu wanda ya ruɗe. Ga shi kuma tana karɓar aikatau ba tare da an tilasta mata ba: tauraro ya shiga falaki, an sauya masa falaki, roka ta gaza kai shi falaki, ya faɗo daga falakinsa. Jam'inta falakai, ba sai mun koma Larabci mun ɗauko nasu ba.

Da wannan kalma rabe-raben sai su zo da sauƙi. Falakin kusa shi ne wanda bai wuce kilomita 2,000 ba, inda taurarin ɗaukar hoton ƙasa ke zama saboda kusanci na ƙara wa hoto kyau, kamar Landsat 8 da ke tsawon kilomita 705 yana bi ta kusa da ƙuryar arewa da ta kudu yayin da duniya ke juyawa a ƙarƙashinsa. Falakin tsakiya na taurarin nuna hanya ne: na GPS suna kimanin kilomita 20,200 suna zagaye biyu a yini, na Galileo na Turai sun ɗan ɗara su nisa.

Wanda ya fi ba ni aiki shi ne na kilomita 35,786 a saman layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, inda zagayen tauraro ke daidaita da juyawar duniya har mai kallo daga ƙasa ya gan shi kamar an kafa shi. Dalili ke nan da ake saita farantin kama tashoshin talabijin sau ɗaya a ɗaure shi, kuma dalili ke nan da tashar harba roka ta Kourou a Kudancin Amurka, wadda ke kusan digiri 5 arewa da ikwaita, ta samu daraja, domin juyawar duniya a wurin na ƙara wa roka gudu kyauta. Tauraron sadarwa na Amurka mai suna Syncom 3 ne ya fara zama a wannan falaki a 1964. Na yi tunanin tsayayyen falaki, na janye, saboda ba falakin ne ke tsaye ba, tauraron ma gudu yake yi fiye da kilomita 11,000 a sa'a. Na fi natsuwa da falakin tsayuwa, tunda tsayuwar a idon mai kallo take, ko da yake a nan ne na fi bukatar jin ta bakin malamanmu.

Idan man irin wannan tauraro ya kusa ƙarewa, ana ɗaga shi kimanin kilomita 300 sama da wurin aikinsa domin ya bar wa na baya fili. Wannan wurin bai bukatar muhawara, falakin maƙabarta ya ishe shi suna.